Tsakuwa a Ƙwarya

Kakana Arzika ba ya tuɓe riga gaban mutane.
Sau ɗaya na gani, a Kwalkwalawa, bakin gulbi,
ranar da ƙugiya ta yage masa taguwa:
bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa cikin duhu,
kunya bisa kunya, ba wadda ta miƙe.

Na ce, wa ya yi maka haka?
Ya ce, “Cikin jirgi ne. Zamna, ɗiyata,
riƙa min bakin tarun ga.

“Muna samari munka bi Rima har Kwara,
mu goma sha biyu, a jirgin Nomau Baƙin Ruwa.
Ba su munka tai ba, kada in yi miki ƙarya.
Fatake muka tarewa a mashigi,
gishiri, goro, tagulla,
duk abin da Allah Ya hore wa wani.

“Kin ji ɓarayi, kin aza ba doka?
Tamu ta ɗara ta alƙali tsini.
Wanda ya ɗaga wa ɗan'uwa hannu cikin jirgi,
dorina ashirin, a bi sawunta da ruwan gishiri.
Wanda kwana ya sace a bakin gadi,
igiya a ƙugu, igiya a wuyan hannu,
a jefa shi ta dama, a jawo shi ta hagu,
ƙarƙashin jirgi kuwa duk ƙusa ne da ɗinki.
Ni na yi kwana. Ga takardar shaidata a baya.
Amma wanga ba komi ba ne. Fata tana mantuwa.

“Babbar doka ita ce ta rabo.
Wanda ya ɓoye ko allura kafin a kasa,
a aje shi bisa tsibirin rairayi
da gora guda, da wuƙa, da garin yini ɗaya.
Ba mai taɓa shi. Ruwa ka yin shari'a.

“Rannan munduwar azurfa ta ɓace cikin kaya.
Anka zazzage kowa, anka ishe ta a buzun Cindo.
Cindo mai yatsa shida,
wanda ranar da anka ja ni ƙarƙashin jirgi
ya fizgi igiya har tafinsa ya tsage
don kada in daɗe ina shan gulbi.

“Anka kawo ƙwarya, anka rufe da hula.
Farar tsakuwa a yafe, baƙa a aje shi.
Biyar da biyar.
Saura ni.”

Ya yi shiru. Wata tifa ta wuce bisa gada,
gadar ta yi rawa, ta daina.
Allurar saƙa tana hannunsa, ba ta shiga ba ta fita.

“Ni na cusa ta a buzunsa, da na ji za a bincika.
In an yafe mai, sai a koma tambaya.
Tsakiyar damina ce,
ruwa na hawa taki ɗaya kowane dare.
Bai yi kira ba, bai zage mu ba.
Hannu dai ya ɗaga,
ina ƙirga yatsun har munka sha kwana.”

Ban ce komai ba. Me yarinya za ta ce?
Na ci gaba da riƙon taru har aka kira magariba.

Sai a lokacin na gane
abin da ke hana shi barci in gulbi ya kawo,
da dalilin gorar da yakan cika duk shekara
ya kai kan yashi, ya dawo ba ita,
mutane na cewa tsufa ne.

Bara ya rasu, bayan an cire albasa.
Ni aka ba wankin tufafinsa.
A aljihun taguwar nan mai ɗinki a kafaɗa
na taɓa wani abu mai sanyi:
farar tsakuwa,
ta yi sulɓi don yawan murza.